Tukunyar Jego a Bakin Ramin Iska

Safiyar farko da baƙi suka kwana a gonar, Haladu ya tsaya a ƙofar ɗaki, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, yana maimaita wa matarsa abin da ya riga ya gaya mata jiya.

"Kada a ga wuta, kada a ga hayaƙi. Kada su ji mu, kada su gan mu. Haka Muhandisa ta ce."

"Na ji," in ji Shafa'atu.

"Ke kin ji. Gwaggo ce ban tabbata ba."

Gwaggo Indo, ƙanwar mahaifinsa, tana zaune a tabarma tana tsinkar ganyen darbejiya. Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Kunnena ƙalau, Haladu. Tafi ka ba dabinonka ruwa. Maganar jego ba ta maza ba ce."

Ya dubi matarsa, ta sunkuyar da kai. Ya sa ɗayan takalmin ya nufi ƙarshen gona wajen rijiya, inda aka ce maza su zauna har baƙi su tafi, domin baƙin duk mata ne.

Gonar tana Al-Awali, a gefen Madina, cikin garkunan dabino masu doguwar katanga. Ta gidan su Afnan ce, jikar wani Bakano da ya zo aikin Hajji ya yi zamansa. Ita Afnan, wadda suke kira Muhandisa, wato injiniya, a nan aka haife ta, Hausa tana jinta sarai amma yawanci da Larabci take amsawa. Da ta gama karatun zanen gini sai ta ce za ta yi wurin da mata za su zo daga Jidda da Riyad su huta da hayaniya, su zauna shiru, su miƙe gaɓoɓi, su koyi jan numfashi a hankali. Ta ce ba ta son mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, ko ɗaya a wurin, ginin ne zai sanyaya kansa. Harsashi na baƙin dutsen Harra, bango na tubalin laka mai kauri, rufi azarar dabino da busassun rassansa. Don haka aka nemo Haladu daga Damagaram, shi da ya tashi hannunsa cikin laka.

Ɗakin da suke ciki shi aka fara ginawa don gwaji, can jikin katangar baya. Da Shafa'atu ta haifi Sundus bakwaini, 'yar mitsitsiya kamar a saka ta a aljihu, likitar mustashfa, wato asibiti, ta ja mata kunne: kada zafi ya dake ta, kada kuma a kwantar da ita gaban mukayyif, kada a kai ta cikin jama'a. Afnan ta ji labari ta ce su shiga ɗakin gwajin. Da rana tsaka, lokacin da ƙarfen ƙofar gona ba ya taɓuwa, cikin ɗakin nan kamar gindin randa yake. Idan aka kore su daga nan, ba su da wurin zuwa sai gidan Gwaggo a unguwar Harra ta Gabas, ɗaki biyu na bulo a saman bene, jikoki ko'ina, kowanne da majinarsa, mukayyif ɗin kuma in ya ga dama ya yi ƙanƙara in ya ga dama ya hura wuta. Shafa'atu ba ta taɓa faɗa a gaban Gwaggo ba, amma duk sanda ta tuna gidan nan sai ta ƙara matse yarinyar a ƙirji.

Ga kuma wankan jego, safe da yamma, da sauran kwanaki kafin arba'in. Akwai ruwan zafi a famfo, na tankin da rana ke ɗumamawa, amma ranar da Gwaggo ta zo da ƙatuwar tukunyarta ta tsoma yatsa a ciki ta ce wannan ruwan alwala ne. Ruwan jego sai ya tafasa a kan itace, ya yi ta ɓalɓala da ganye a ciki. Mahaifiyar Shafa'atu ma kullum ta kira a jawwal, wayar hannu, kafin ta tambayi jaririya sai ta tambayi wanka. Shafa'atu ta ga matan da aka ce sun yi wasa da jego a unguwarsu, ba ta son ta zama ɗaya daga cikinsu, ga jaririya tana jiran nono.

Tun da aka sallamo su a fili ake hura wutar bayan ɗaki, Haladu na tsaye da bokiti yana ƙunƙuni. Yau kuwa in aka hura a nan, hayaƙi zai miƙe sama kowa ya gani.

"To ya za a yi, mai jego?" in ji Gwaggo. "Ni dai ban bar jikokina na zo kallon dabino ba."

"Akwai wuri," in ji Shafa'atu. "Na gani shekaranjiya."

Wurin wani lungu ne inda dabino suka yi cunkoso, inuwa ba ta barinsa, ga wani guntun bangon dutse da busassun rassa suka zubo a kansa. A nan ta zauna shekaranjiya da kasko tana turara kayan jaririya, ta lura hayaƙin turaren ba ya tashi. Sai ya kwanta, ya bi ƙasa, ya ɓace a tsakanin duwatsun. Har daɗi ta ji a lokacin, ta ce Allah ya kawo mata mafita.

Suka ɗaura zani tsakanin dabino biyu ya zama shamaki. Gwaggo ta jera duwatsun murhu, ta cusa gindin rassan dabino, masu kama wuta da wuri da hayaƙi mai kauri. Shafa'atu ta shayar da Sundus har ta yi barci, ta kwantar da ita, ta bar ƙofa a ɗan buɗe yadda za ta ji motsinta. Ta dawo ta ɗaga kai tana duba saman dabino. Sama tas, ko zare ɗaya na hayaƙi babu.

"Kin gani ko, Gwaggo?"

"Na gani. Ashe kan naki yana aiki. Tuɓe."

Ruwa ya tafasa. Gwaggo ta ɗebo a bahon ƙarfe, ta tsoma damin ganye ta fara fyaɗa mata a baya. Shafa'atu ta ciji leɓe. Ta saba yin 'yar ƙara a fyaɗar farko, yau ta haɗiye ta, don can bayan dabinon, a babban zaure, mata na zaune shiru kuma an ce kuɗi suka biya don shirun.

Ana cikin haka ta ji tari.

Ta dafe hannun Gwaggo. "Yarinyar ce?"

"Wace yarinya? Wannan tarin babba ne. Saki hannuna ruwa na hucewa."

Tarin ya sake zuwa, sannan wani, sannan wani. Ba daga ɗaki yake fitowa ba, ba kuma daga cikin gona ba. Daga ƙasa yake fitowa, daga gindin bangon dutsen nan, can ciki-ciki kamar mutane sun faɗa rijiya. Gwaggo ta fara karanto addu'a tana ja da baya.

Shafa'atu ta ja zani ta ɗaura, ta durƙusa ta ture rassan da suka rufe duwatsun. Raga ce ta ƙarfe, bayanta baƙin rami mai faɗin bakin tukunyar Gwaggo. Hayaƙin murhun gaba ɗaya yana kwarara cikinsa kamar ruwa a magudana.

Ta tuna doguwar kwatar da Haladu ya yi ta haƙa lokacin da take da ciki, da manyan bututun yumɓu da ya jera a ciki aka binne. Ya sha gaya mata da dare yana cin abinci: iska za ta shiga daga wuri mai inuwa, ta bi ƙarƙashin ƙasa ta yi sanyi, ta fito a cikin zaure, hasumiyar da ke saman rufi kuma ta zuƙe mai zafin ta fitar. Ta ji duk wannan. Ba ta taɓa tambayar ta ina iskar take shiga ba.

"Zauren muke hura wa, Gwaggo. Numfashinsu ne wannan."

Ba ta jira amsa ba. Ta naɗe hannuwanta da tsumma ta kifar da tukunyar a kan wutar. Ruwan ya sauka da ƙara, wani farin tururi haɗe da toka ya tashi ya rufe su, kuma tana kallo ramin ya haɗiye shi duka a zuƙa ɗaya. Daga ciki muryoyi suka ɓarke. Wata ta ce, "Hariga!" wato gobara. Ta gane muryar Afnan tana cewa kowa ya fita, kowa ya fita, a bar tabarmi.

Ta kwanto zanin shamakin, ta dulmiya shi a sauran ruwan baho, ta shimfiɗa a kan ragar ta danne da duwatsun murhu masu zafi. Ba ta ma ji ƙunar ba sai daga baya.

Gwaggo ta riga ta fara tura toka da ƙafa tana rufewa da ƙasa. "Shige ɗaki ki kwanta," ta ce ƙasa-ƙasa. "Ba wanda ya gan mu. Za su ce wayar lantarki ce, ko rufin. Su yi ta nema."

Shafa'atu ta tsaya. Maganar ta shige ta, har ƙafarta ta juya wajen ɗaki. Amma kafin ta rufe ragar ta ji Afnan na cewa a kira motar kashe gobara. In motar nan ta zo, ba tambaya za su tsaya yi ba, ruwa za su sakar wa rufin da bangon. Bangon laka ne. Ta taɓa ganin abin da ruwan sama na yini ɗaya ya yi wa katangar gidansu a Damagaram. Kuma in sun gama, za su bi bututun su zo nan, su tarar da jiƙaƙƙiyar toka taku kaɗan daga ƙofarta.

Ta shiga ɗaki da gudu. Sundus na barci, hannuwa a dunƙule kusa da kunne. Ta sa hanci ta shinshina iskar ɗakin, ba hayaƙi. Ta zura abaya a kan jiƙaƙƙen jikinta, ta yafa mayafi.

"Ina za ki?" Gwaggo ta tare ƙofa. "Mai jego, jiki a buɗe, ki shiga iska? Kin haukace?"

"Ki zauna da ita, Gwaggo. Ki rufe ƙofa, ki tura tsumma a ƙasanta."

Ba ta taɓa bin hanyar zauren ba tun da aka gama shi. Tsakuwa ce baƙa aka shimfiɗa, tana sukar tafin ƙafarta, ɗinkin haihuwar na ja mata a kowane taku. Da ta fito daga cikin dabino ta gan su: mata a tsaye ba takalma, wasu sun toshe hanci da mayafi, duk suna kallon hasumiyar da hayaƙi ke fita ta samanta. A gefe an zaunar da wata dattijuwa a kan dutse, an kafa mata abin shaƙar masu asma a baki, ƙirjinta na hawa da sauka. Afnan na tsaye, jawwal a kunne, fuskarta ta yi fari.

Shafa'atu ta ratsa su, ganyen darbejiya manne a wuyanta, tururi na tashi daga abayarta. Ta kama hannun da ke riƙe da wayar.

"Ba gobara ba ce, Muhandisa. Ki ce kada su zo. Ni ce. Na kashe."

Afnan ta dube ta kamar ba ta santa ba. "Esh? Me?"

"Wuta na hura a bakin ramin iskar. Ban san shi ba ne. Na kashe, na rufe ramin. Dubi sama, yana raguwa."

Afnan ta ɗaga kai. Hayaƙin ya fara sirancewa. Ta yi magana a wayar, gajeriya, ta ba da haƙuri sau biyu ta kashe. Ta ce wa wata mai aiki a buɗe duka ƙofofin zaure, a kawo wa dattijuwar ruwa. Sannan ta ce da Shafa'atu, da Hausarta mai nauyi, "Nuna mini."

Suka tarar da Gwaggo a ƙofar ɗaki ta harɗe hannu, ta shirya. Afnan ta wuce ta, ta tsaya a kan tokar, ta dubi tukunyar a kife, ta ɗaga gefen zanin ta leƙa ragar. Ta ɗaga kai ta dubi busassun rassan da ke reto a saman inda wutar ta ci.

"Kafin ki fara, 'yar nan," in ji Gwaggo, "wa ya ce ki yi wa gini hanci ki ɓoye shi a cikin shara? Ko ɗan allo ba ki kafa ba."

"Na ce mamnu', an hana, Khala," Afnan ta amsa wa Gwaggo da Larabci. "Na ce ba wuta a ko'ina. Ko'ina ba ya buƙatar allo."

"Jego take yi. Ke ba Bahaushiya ba ce? Je ki tambayi uwarki, ita ma an yi mata wannan wankan da ta haife ki."

"Ummi a shawa ta yi wanka. Kuma ba sai na je da nisa ba, ita ce waccan da ke zaune a kan dutse ba ta iya numfashi."

Shafa'atu ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"Shi bai sani ba," ta ce da sauri. "Maigidan. Ya hana, har sau biyu. Ni na zaɓi wurin."

Afnan ta sunkuya. Ta cire zanin daga kan ragar ta miƙa mata, ta juya ta tafi.

Daga nan sai jira. Rana ta ɗaga, zafi ya sauko a kan gonar, tsuntsaye ma suka yi shiru. Shafa'atu ta ji mota ta tashi a bakin ƙofar gona, jim kaɗan wata ta bi ta. Ta kira Haladu ta gaya masa a taƙaice. Ya ce ba shi da izinin ƙetarowa sai an kira shi, ta yi addu'a. Ta shayar da yarinyar. Ta shafa man zaitun a yatsunta da suka tashi. Ba ta san lokacin da ta fara ninke kayan jaririya tana jerawa a jaka ba. Gwaggo na kallonta, ba ta hana ta ba.

Bayan azahar aka ƙwanƙwasa. Afnan ce ita kaɗai. Ta cire takalmi ta shigo, ta tsaya ta ɗora tafin hannu a bango kamar mai duba zazzaɓi. Sannan ta durƙusa kusa da katifar da Sundus ke kwance.

"Masha Allah. Haka take ƙarama?"

"Ta ma ƙaru," in ji Shafa'atu. "Ya jikin Hajiya?"

"Da sauƙi. Ta koma gida. Biyu daga cikin baƙin ma sun tafi, sun ce ba shaƙar hayaƙi suka zo yi ba." Ta ɗan murmusa, murmushin bai kai ido ba. "Tun da aka gama ginin nake son in san ko iskar tana kaiwa ƙarshen zauren. Yau na sani. Har lungun da nake shakka ta kai."

Ba wanda ya yi dariya. Afnan ta ga jakar, ta ga kayan a ninke.

"Ki saurare ni, ya ukhti, 'yar'uwata. Ɗakin nan saboda jaririyar nan na bayar, ita kuma ba ta yi mini komai ba. Amma rufin da ke kanta busasshen reshe ne, irin wanda kuka hura da shi. Da iska ta juya yau, da ba zauren za mu yi magana a kai ba. Ba zan iya barci da tukunyar nan a gonata ba. Yau za ta fita. In wankan dole ne, ki bi ta, ba zan riƙe ki ba, amma ɗakin zan sa kayan aiki a ciki. In kin zauna, ko ashana ban yarda ba. Khalas, shi ke nan."

Ta miƙe ta sa takalminta. "Kafin magariba ki gaya mini."

Tana fita Gwaggo ta tashi ta fara naɗe tabarmarta. "To, an gama. Ƙarasa haɗa kayan. A saman benena ba mai hana ni hura wuta. Mu cika arba'in ɗinki lafiya, in ya so ki dawo ki zauna a ramin iskarsu."

Shafa'atu ta dubi Sundus. Waje zafi na narkar da kwalta, amma goshin yarinyar a bushe yake, ba ɗigon gumi, numfashinta na tafiya daidai. Ta tuna matakalar benen Harra, da jikokin da za su yi layi kowa na son ya ɗauka.

Ta jawo jakar ta fara fito da kayan ɗaya bayan ɗaya.

"Me kike yi?"

"Ki yi haƙuri, Gwaggo. Ba zan kai ta can ba."

"Can ɗin gidana ne."

"Na sani. Ki yafe mini."

"Ke fa? Jikinki fa? Yarinya, ɗanyen jiki gare ki. Sanyi zai shige ki, ƙafafu su fara kumbura, daga nan ya hau sama. Na ga wadda aka yi wa haka da idona. In kin kwanta wa zai ba ta nonon?"

Shafa'atu ma tambayar da ke cinta ke nan. Ta ci gaba da mayar da kayan inda suke.

Gwaggo ta yi ta faɗa har ta gaji. Ta ce za ta kira Damagaram da bakinta, kada gobe a ce ita ta yi sakaci. Da la'asar ɗanta ya zo da mota ya tsaya a ƙofar baya. Ta fita da tukunyar a ka ba sallama, sai kuma ta dawo ta ajiye ƙullin kanwa da garin kunu a bakin katifa.

"Ki dama da kauri, a kan wannan murhun lantarkin naku. Ki sa safa. Jibi zan leƙo in ga abin da ya rage na ki."

Ƙarar motar ta yi nisa. Shafa'atu ta aika wa Afnan saƙo, kalma ɗaya: mun zauna. Can wajen zaure ba a jin komai, matan da suka rage sun koma shirunsu. Ta zauna a gefen katifa ta miƙe ƙafa, ta danna babban yatsa a ƙaurinta da ƙarfi, ta ɗaga, ta tsura wa wurin ido tana jiran ta ga ko zai ciko, ko kumburin ya fara.